Gadon Kirki da Farashinsa: Tarken Rayuwar Fim ta Puneeth Rajkumar

Gabatarwa

A ranar 29 ga Oktoba, 2021, Puneeth Rajkumar, jarumi kuma furodusa a masana'antar fina-finan harshen Kannada, ya rasu a birnin Bengaluru na kudancin Indiya sakamakon bugun zuciya, yana da shekara 46. An ajiye gawarsa a filin wasa na Kanteerava, jama'a suka yi ta tururuwa dare da rana domin yi masa ganin ƙarshe, sannan aka binne shi kusa da kabarin mahaifinsa da na mahaifiyarsa. Tun daga wannan rana kusan duk abin da ake faɗa a kansa yabo ne: ladabinsa, sauƙin kansa, taimakon da yake yi wa marasa galihu ba tare da shela ba, da kuma idanunsa da aka bayar bayan rasuwarsa har mutum 4 suka samu gani da su. A ranar 1 ga Nuwamba, 2022, gwamnatin jihar ta ba shi lambar Karnataka Ratna, wadda ita ce karramawa mafi girma da take bai wa farar hula.

Ba ni da ja a kan ko ɗaya daga cikin waɗannan. Damuwata ita ce mutuwa takan ɗaure bakin mai tarke, sai kyawun halin mamaci ya koma shi ne hukuncin aikinsa. Idan aka yi haka an zalunci aikin, domin an daina kallonsa. Abin da nake son tabbatarwa a wannan maƙala shi ne: Puneeth ya gaji surar mutumin kirki daga mahaifinsa, amma a yawancin fina-finan da ya yi bayan ya girma an cire wa kirkin abin da ya ba shi nauyi a fina-finan uban, wato asara. Abin da bai samu sukunin yi ba a gaban kyamara, shi ne ya sa kuɗinsa wasu suka yi a lokacin da ya zama furodusa.

Mai kallo Bahaushe ya saba kiran duk abin da ya fito daga wannan ƙasa da "fim ɗin Indiya", ko na harshen Hindi ne da aka daɗe ana nunawa a gidajen sinima na Kano da Kaduna, ko na kudancin ƙasar ne da ake juyawa zuwa Hausa a yau. Amma Indiya masana'antu ne da yawa, kowace da harshenta da taurarinta. Ta Kannada tana jihar Karnataka, tana yi wa mutum fiye da miliyan 40 magana da harshen uwa, kuma ta daɗe tana rayuwa a inuwar maƙwabtanta na Tamil da Telugu waɗanda suka fi ta kuɗi da kasuwa. Sai an san wannan ƙuncin kafin a fahimci nauyin da aka ɗora wa gidan su Puneeth.

Gidan da Ya Fito

An haifi Puneeth a Madras a ranar 17 ga Maris, 1975, shi ne autan Dakta Rajkumar da Parvathamma. Mahaifin ya fara fitowa a matsayin tauraro a fim ɗin Bedara Kannappa na 1954, ya yi fina-finai fiye da 200, kuma kusan dukkansu da harshen Kannada ya yi su duk da cewa a masana'antun wasu harsuna kuɗin yake. A 1982 ya shiga gwagwarmayar Gokak, wadda ta nemi a bai wa harshen Kannada fifiko a makarantun jihar, shigarsa kuwa ita ta mayar da ƙorafin marubuta zuwa gangamin talakawa. An yi ta zawarcinsa ya shiga siyasa, ya ƙi. A idon mutanensa ya wuce ɗan wasa, ya zama ma'aunin da ake auna mutuncin mai magana da Kannada. Mahaifiyar kuwa ita ce ginshiƙin kasuwancin gidan: ta shirya fina-finai kimanin 80, kuma an san ta da karanta littattafan ƙagaggun labarai tana zaɓo waɗanda za a mayar fim.

A ranar 30 ga Yuli, 2000, ɗan fashin daji Veerappan ya sace Rajkumar daga Gajanur, ya riƙe shi kwana 108. A wannan shekarar ce fim ɗinsa na ƙarshe, Shabdavedhi, ya fito. Ke nan lokacin da Puneeth ya dawo a matsayin babban jarumi a 2002, jama'a sun riga sun ɗanɗana yadda rashin uban zai kasance, suna neman wanda za su danƙa wa wannan ƙauna. Babban wansa, Shiva Rajkumar, ya riga ya kama tasa hanyar tun 1986, har ya fito a ɗan daba a Om na 1995 da Jogi na 2005, masu kallo suka karɓa. Autan ne aka keɓe wa rigar uban. Hausawa na cewa kyan ɗa ya gaji ubansa, amma ba su cika faɗin abin da gadon ke ci wa ɗan ba.

Yaron da Ya San Asara

Aikin Puneeth mafi ƙarfi, a nawa hukuncin, ya yi shi ne kafin ya balaga. Yana jariri ɗan watanni aka fara nuna shi a Premada Kanike na 1976, ya ci gaba da fitowa da sunan Lohith. A Bhakta Prahlada na 1983, labari daga littattafan addinin Hindu, ya fito a matsayin yaron da ya ƙi bin umarnin mahaifinsa azzalumin sarki, kuma Rajkumar da kansa ne ya fito a sarkin. Yaro ɗan shekara 8 ya tsaya ido da ido da babban ɗan wasan harshensa, bai kau da kai ba. Abin lura ne cewa a yarinta aka ba shi damar bijire wa uban a gaban jama'a, damar da ba ta sake samuwa ba bayan ya girma.

Sai kuma Bettada Hoovu na 1985, wanda N. Lakshminarayan ya ba da umarni, aka gina shi a kan littafin marubuciya Shirley L. Arora. Ma'anar sunan ita ce furen kan dutse. Tauraron labarin, Ramu, yaro ne ɗan talakawa a wani gari na kan tsauni, mai son karatu, wanda talauci ya fitar daga makaranta. Yana shiga daji yana tsinko furanni yana kai wa wata Ba'amurkiya, yana tara ɗan abin da yake samu domin ya sayi littafin Ramayana na mawaƙi Kuvempu da ya daɗe yana hange a shago. Da kuɗin suka cika sai sanyi ya kawo jiki, gida kuma babu abin rufa. Ramu ya sayi bargo, ya bar littafin.

Wannan fim ya samar wa Puneeth lambar yabo ta ƙasa ta gwarzon yaro ɗan wasa, kuma ya cancance ta. Ƙarfin labarin yana cikin cewa abubuwa biyu masu kyau ne suka yi karo, ilimi da jinƙan iyali, kuma dole a rasa ɗaya. Babu mugun da za a doke a huta. Yaron bai yi dogon jawabi ba, fuskarsa ce ta ɗauki nauyin zaɓin: sha'awa, lissafi, sannan haƙuri. Mai kallo ya gaskata kirkin Ramu domin ya ga abin da ya biya. Wannan shi ne ma'aunin da zan auna sauran ayyukansa da shi, kuma ma'auni ne da shi da kansa ya kafa yana ɗan shekara 10.

Jarumin da Ba a Yarda Ya Faɗi Ba

Bayan fiye da shekara 10 ba ya gaban kyamara, ya dawo da Appu na 2002, wanda Puri Jagannadh ya ba da umarni, mahaifiyarsa ta shirya. Labarin ɗan ƙaramin ɗan sanda ne da ya kamu da son 'yar kwamishinan 'yan sanda. Fim ɗin ya yi kasuwa, aka sake yin sa a harsunan Telugu da Tamil, sunan kuma ya bi jarumin har kabari. A nan aka ga baiwar da babu mai musunta: jiki mai sauƙi, rawa mai tsafta, faɗan da yakan yi da kansa, da murmushin da ke sa yara da tsofaffi su saki jiki. Yana kuma rera waƙa kamar mahaifinsa. Daga nan har rasuwarsa ya jagoranci fina-finai kimanin 30, mafi yawansu sun mayar da kuɗi da riba.

Amma idan aka jera fina-finan aka dubi zubinsu, za a ga tauraro guda ne ake ta sauya wa suna. Shi ne ɗa mai biyayya, aboki mai amana, masoyi mai kamewa. Ba ya canzawa daga farkon labari zuwa ƙarshe, domin tun farko cikakke ne. Duniyar da ke kewaye da shi ce ake gyarawa. Matsalar irin wannan tauraro ita ce rikicin labari ba ya shiga cikin zuciyarsa, a waje yake tsayawa, sai ya zama ƙarfin damtse ne ke warware shi. Sunayen fina-finansa na baya-baya ma sun isa shaida. Doddmane Hudga na 2016 yana nufin yaron babban gida, kuma "babban gida" shi ne yadda ake kiran zuriyar Rajkumar. Raajakumara na 2017 yana nufin ɗan sarki, yana kuma amsa sunan uban. Natasaarvabhowma na 2019 laƙabin mahaifin ne, wato sarkin 'yan wasa. Tun daga allon talla an riga an gaya wa mai kallo cewa magaji zai gani, kafin ya san wane ne tauraron labarin.

Adalci ya wajabta in ware wasu ayyuka. A Milana na 2007 ya fito a ma'aikacin gidan rediyo wanda amaryarsa ta nemi saki domin tana son wani, shi kuma ya amince ya taimake ta. A nan kirkinsa yana da ciwo, kuma Puneeth ya nuna ciwon a hankali, ba da ihu ba. Ya samu lambar gwarzon jarumi ta jihar a kansa. A Prithvi na 2010 ya fito a babban jami'in mulki na gundumar Bellary yana karawa da masu haƙar tama ba bisa ƙa'ida ba, a daidai lokacin da badaƙalar ke ci a zahiri, badaƙalar da ta kai ga murabus ɗin babban ministan jihar a 2011. A Jackie na 2010 darakta Soori ya jefa shi cikin ƙazantar duniyar masu safarar mata, ya ba shi harshen 'yan tasha. A Paramathma na 2011 Yogaraj Bhat ya ba shi tauraron da bai san inda ya dosa ba. Wannan na ƙarshe bai gamsar da kowa ba a lokacin da ya fito, sai daga baya aka dawo ana yabonsa. Waɗannan ayyuka sun tabbatar da cewa iyawar tana nan. Sun kuma nuna cewa duk lokacin da ya yi nisa da rigar gado, sai a ja shi ya dawo.

Kurciya Biyu

Babu inda bambancin uba da ɗa ya fito fili kamar idan aka ajiye Kasturi Nivasa na 1971 kusa da Raajakumara na 2017. A na farko Rajkumar ya fito a matsayin Ravi Varma, mai masana'antar ashana wanda bai iya cewa a'a ba. Ya taimaki ma'aikacinsa ya kafa tasa masana'antar, ma'aikacin ya danne shi a kasuwa, ya kuma auri matar da yake so. Dukiya ta ƙare, ba abin da ya rage masa sai kurciyar da yake ƙauna. A ƙarshe matar ta zo ta roƙe shi kurciyar, alhali ya riga ya sayar da ita domin ya samu abin da zai karɓi baƙuncinta da shi. Ya kasa furta cewa babu, ya faɗi ya mutu. Fim ɗin bai yi wa mai kallo alkawarin cewa karamci zai yi riba ba. Ya nuna karamci a matsayin ɗabi'ar da ke iya cinye mai ita, ya bar mutane da tambayar ko alheri ne ko girman kai.

A allon tallan Raajakumara an nuna Puneeth da kurciya a kafaɗa, kuma duk mai kallon Kannada ya san daga inda ta taso. Santhosh Ananddram ne ya ba da umarni, kamfanin Hombale ya shirya. Tauraron maraya ne da wasu attajirai suka rena a Ostireliya. Bayan sun mutu a haɗarin jirgin sama ya dawo Indiya, ya rungumi tsofaffin da 'ya'yansu suka yasar a gidan gajiyayyu, ya kuma wanke sunan uban riƙonsa daga sharrin wani ɗan siyasa. Jigon mai kyau ne, kuma ya taɓa wani miki na gaske a biranen da 'ya'ya ke tafiya neman aiki su bar iyaye. Fim ɗin ya zarce duk na Kannada da suka gabace shi a kawo kuɗi.

Duk da haka, an ɗauko kurciyar an bar nauyinta a can. Rashin da ya samu tauraron ƙaddara ce ta faɗo masa, ba zaɓinsa ne ya jawo ba. Daga lokacin da ya ɗaura niyyar alheri, duk abin da ya taɓa sai ya yi kyau: mugu ya kunyata, 'ya'ya sun yi nadama, tsofaffi sun yi murmushi. Ba a taɓa sa shi a tsakanin littafi da bargo ba. Saboda haka mai kallo yakan fita da daɗin rai, amma ba a tambaye shi komai ba, domin laifin duk na wasu ne. Kasturi Nivasa yana sa mutum ya binciki kansa. Raajakumara yana sa shi ya jinjina wa jarumi. Wannan ita ce asarar da gadon ya yi a hanya.

Za a iya ce mini masana'anta mai ƙaramar kasuwa ba ta da halin caca da babban tauraronta, kuma albashin ɗaruruwan ma'aikata yana rataye a kan fim ɗinsa. Za a iya ƙarawa da cewa tauraron da iyali gaba ɗaya za su kalla ba tare da kunya ba alheri ne a zamanin da zubar da jini ya cika majigi. Na yarda da duka biyun. Sai dai mahaifinsa ya yi aiki a kasuwar da ta fi wannan ƙunci, kuma tsaftar fina-finansa ba ta hana shi faɗuwa a cikinsu ba. A Bangarada Manushya na 1972, wanda ya yi kusan shekara 2 ana nuna shi, tauraron ya ƙare ne da barin gida shi kaɗai bayan waɗanda ya yi wa wahala sun butulce masa. Masu kallon da suka karɓi wannan daga uban za su iya karɓarsa daga ɗan. Marubuta da daraktoci ne suka ji tsoro, shi kuma ya yi musu kara.

Abin da Furodusa Ya Yi

Bayan rasuwar mahaifiyarsa a 2017, Puneeth tare da matarsa Ashwini suka kafa kamfanin PRK Productions. A nan ne, a ganina, aka ga ainihin ɗanɗanonsa na fim. Babban tauraro idan ya buɗe kamfani yawanci kansa yake yi wa hidima. Shi kuwa fina-finan farko da kamfanin ya fitar ba shi ne jaruminsu ba, kuma ba su yi kama da nasa ba.

Na farko shi ne Kavaludaari na 2019, wanda Hemanth M. Rao ya ba da umarni, kuma shi ne fim ɗinsa na biyu kacal. Ma'anar sunan ita ce mararraba. Wani ɗan sandan kula da zirga-zirgar motoci ne ya ci karo da ƙasusuwan mutanen da aka kashe tun shekarun 1970, zamanin dokar ta-ɓaci, ya nace sai ya tono gaskiya, tare da wani tsohon ɗan sanda da ya yi ritaya ya faɗa shaye-shaye, rawar da Anant Nag ya taka. Fim ne mai duhu, mai tafiyar hawainiya, wanda gaskiya ke cin masu nemanta, kuma ƙarshensa ba ya barin mai kallo da natsuwa. An sake yin sa a Tamil da Telugu a 2021. A 2020, lokacin da annobar korona ta rufe gidajen sinima, kamfanin ya saki Law da French Biriyani kai tsaye ta Amazon Prime Video. Na farko mace ce a tsakiyarsa, mai ilimin shari'a da ke tsaya wa kanta a kotu a ƙarar fyaɗe. Na biyu barkwanci ne a kan wani Musulmi direban adaidaita sahu da baƙonsa Bafaranshe, a cikin Bengaluru mai harsuna barkatai, wadda ba ta yi kama da tsarkakakkiyar ƙasar Kannada ta manyan fina-finai ba.

Ba duka ne suka yi kyau ba. Rubutun Law yana da rauni, barkwancin French Biriyani kuma yakan zarce ya koma hayaniya. Amma furodusa ana auna shi ne da irin ƙofar da ya buɗe da kuma wanda ya bari ya shiga. Puneeth ya sa sunan gidansu a kan taurari masu aibi, masu shakka, masu faɗuwa, ya ba sababbin daraktoci kuɗi da rumfa. A wannan fanni mahaifiyarsa ya gada, wadda ita ce ta shirya Om duk da cewa ya saɓa wa duk abin da aka san gidan da shi. Wannan gado na biyu bai zo da riga ba, shi ya sa ya fi sakewa a cikinsa.

Kammalawa

Akwai alamun cewa jarumin ya fara bin sawun furodusan. A 2021 aka sanar da Dvitva, fim mai binciken ruhin ɗan Adam wanda Pawan Kumar, daraktan Lucia, zai ba da umarni. Ma'anar sunan ita ce kasancewa biyu. Ajali ya riga ɗaukarsa. James ya fito a ranar haihuwarsa a 2022, wansa Shiva Rajkumar ne ya sa masa murya. A ranar 28 ga Oktoba, 2022, aka saki Gandhada Gudi, wanda ya yi tare da mai ɗaukar hoton namun daji Amoghavarsha. Sunan na fim ɗin mahaifinsa ne na 1973, amma a ciki babu mugu babu faɗa. Mutum ne yake yawo a dazuzzukan Karnataka, yana nutso a teku kusa da tsibirin Netrani, yana tambaya kamar ɗalibi, yana nuna tsoro inda abin tsoro yake. A nan na sake ganin fuskar Ramu.

Hukuncina shi ne Puneeth Rajkumar ɗan wasa ne mai baiwar da ta fi yawancin fina-finansa girma. Idan za a koyar da shi a aji, Bettada Hoovu da Milana da Jackie da Prithvi su ne za su tsaya masa, tare da Kavaludaari wanda ba shi ne jaruminsa ba. Darasin kuwa ya shafi duk masana'antar da ke ɗora wa taurarinta nauyin zama abin koyi: idan aka hana mutumin kirki yin asara a cikin labari, an hana mai kallo sanin darajar kirkin. Masoyansa suna da haƙƙin yi masa kuka. Mai tarke kuma yana da haƙƙin cewa an yi rowar wannan baiwa tun mai ita yana raye, kuma ƙauna ce ta yi rowar.